Na Kai Sa Safana Ya Yi Mani Shaida

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. A masallaci a tambaye ni, a gona a tambaye ni, wurin mai shayi ma ba na gama kofi sai wani ya matso ya ce, "Sada, wai da gaske sa ka kai gaban manya ya yi maka shaida?" Ni ba mai yawan magana ba ne. Na faɗa, na sake faɗa, bakina ya gaji. Shi ya sa na zaunar da Malam Nura, malamin firamaren garinmu, na ce ya riƙe biro in faɗa sau ɗaya ya rubuta. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Wanda ya sake tambayata, takarda zan nuna mashi.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Darini, ƙasar Batsari. Shanun huɗa biyu gare ni, Goje da Kwalli. Tun suna maruƙa na saye su. Ni na huda masu hanci, ni na koya masu garma. Goje na hagu ne, Kwalli na dama. Wanda bai taɓa riƙe garma ba ba zai gane wannan ba. San huɗa, gefen da ya koya shi ne gefensa har ya bar duniya. Ka sauya mashi, kamar ka ce wa dattijo ya ci tuwo da hagu ne. Damina huɗu suna jan karkiya ɗaya.

Da kakar bara muna kwasar dawa a amalanke, ni da ƙanena Haruna, ɓarayin daji suka fito mana da la'asar. Sun harbe ni a cinya. Haruna bai tashi ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Da suka kwance shanun, Goje ya fizge igiya ya faɗa cikin rogo ya yi gida. Kwalli suka kora daji.

Daga ranar gida biyu suka dawo wuyana, nawa da na Haruna. Ƙafar ta warke amma ta gajarta, ba na iya wuni duƙe da fartanya. Na aro san maƙwabci na haɗa shi da Goje, Goje ya dube shi ya kwanta a ƙasa. Na aro wani, ya soke shi. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas. In ruwa ya sauka ban yi huɗa ba, gida biyu za su kwana da yunwa. Iyakar maganar ke nan.

Ana haka mai gari ya aiko a kira ni. Ya ce jami'an tsaro sun ƙwato shanu daga daji, an tara su a Safana, ranar Laraba manya za su zauna, mai dabba ya je ya nuna tasa. Ya ce wani mutumin garinmu ya biyo ta can, ya ga farin sa mai baƙin ido kamar an sa mashi kwalli. Amma an yanke kunnen da na tsaga, an ƙone tambarin da na yi mashi a cinya.

"Farin sa mai baƙin ido," in ji mai gari, "ƙasar nan cike take da su, Sada. Da me za ka raba naka da na wani?"

Na ce, "Da Goje."

Sai ya sa aka rubuta mani takardar shaida ya buga hatimi, don yanzu ba a tafiya da dabba sai da takarda. Na kawo ta gida na ba matata Hinde, ta sa a gwangwanin da muke aje takardu.

Da na gaya mata da Goje za ni, ta aje muciya.

"Malam, kowa na ɓoye sansa a ɗaki, kai za ka fitar da naka hanya? Shi kaɗai ya rage mana."

"Ɗaya ba ya huɗa," na ce.

Ciki gare ta, ya tsufa. Ta tashi da ƙyar ta dafa mani rogo, ta daka ƙuli da yaji, ta ɗura wa Goje dusa a buhu.

Da fari mota na nema. Ɗan'asabe mai a-kori-kura ya yarda, ya ja ta gindin tudu, muka sa katako. Goje bai taɓa shiga mota ba. Mutum shida na turawa, ni ina ja. Ya sa ƙafa ɗaya, katako ya karye, ya juya ya ɓare wa motar fitilar baya da ƙaho. Ɗan'asabe ya riƙe kai.

"Sada, na ɗauki jakai, na ɗauki amare, na ɗauki gawa. Wanga ko gwamna ne ya aiko shi ba ni ɗauka."

Shi ke nan, sai ƙafa.

Ranar Litinin bayan sallar asuba na zaro takarda daga gwangwani na sa cikin hula, na ɗora wa Goje buhun dusa, na saɓa karkiya a kafaɗa. Ban bi ta yamma ba, can ne bakin daji. Na yi gabas ta hanyoyin gona, da niyyar in kwana wajen Tsaskiya, in shiga Safana ranar Talata.

Kafin hantsi na ratsa ƙauyuka biyu da na sani da mutane. Yanzu babu kowa. An cire kwanon rufi, an cire ƙofofi, tumfafiya ta fito a cikin masallaci. Goje ma bai so wurin ba, sauri ya riƙa yi. A na uku na ga hayaƙi. Wata tsohuwa ce ita kaɗai a bakin rijiya da awaki biyu. Da ta hango mu ta saki guga.

"La ilaha illallahu! Sa ne?"

"Sa ne, Inna. Ina kwana?"

Ta zo ta dafa tozonsa, ta shafa wuyansa, ta daɗe tana shafawa. Ta ce rabon da ta ga sa ya bi hanyar nan har ta manta. Ta ce 'ya'yanta na Katsina, sun kai ta can sau biyu tana gudowa, don ba ta iya barci inda ake sayen ruwa. Ta hana ni jan guga, ita ta ja mashi har ya ƙoshi. Na ba ta rogo, ta ba ni goriba. Ta ce kada in bi ta kan tudu, in bi ta cikin rafi, ba a hango mutum.

Na bi ta rafi. Wajen azahar na ji ƙarar babura, da yawa, suna tahowa. Wanda aka taɓa harbi ya san ƙarar nan. Na ja Goje cikin wani kwazazzabo, na rungume bakinsa, na karanta abin da na iya. Babura suka zo suka wuce ta samanmu. Na leƙa. 'Yan acaɓa ne, kowane da buhun taki biyu, na bayansu har waƙa yake. Da na juyo, Goje ya zura baki a jakata ya cinye rogon duka, har ƙulin. Takalmina ɗaya kuma ya tsinke. Na ɗaure shi da igiyar buhu muka ci gaba.

Daga nan muka hau hanyar jar ƙasa, mai faɗi, an zuba mata tsakuwa. Akwai sabuwar kwalbati a kan wani rafi da a da yake raba gari biyu duk damina. An kafa allo da hoton wani mai babbar riga. A gindin iccen bedi na samu mai shayi da mutum uku suna musu, har jijiyar wuya ta tashi. Ɗaya ya ce ɗan majalisa ne ya yi kwalbatin. Ɗaya ya ce ƙarya ne, ciyaman ne, ɗan majalisa hoto kawai ya kawo. Na ukun, wani dattijo mai gemu, ya ce su duka su ji tsoron Allah, wani Alhaji ɗan garin ne ya fara ba da siminti bayan ruwa ya ci matar ƙanensa a wurin, su kuma suka kwaso dutse da kansu, sannan manya suka zo suka ƙarasa. Suka ce ni baƙo ne, in raba su.

Na ce, "Ban iya karanta allon ba. Goje ya taka, ba ta rushe ba. Allah ya saka wa wanda ya yi."

Mai shayi ya yi dariya ya ƙara mani burodi. Dattijon ya tambayi inda za ni da sa da karkiya babu garma. Na gaya mashi. Ya ce a duniya ya ga an kai mutum shaida, ya ga an kai takarda, bai taɓa ganin an kai sa ba. Na ce ni ma ban taɓa gani ba.

Iyakar ƙasarmu da ta Safana ba wani abu ba ne, busasshen rafi ne da yashi. Amma a hayinsa akwai shinge. 'Yan sa-kai sun gitta icce, sun tara buhunan ƙasa. Da suka hango mutum da sa, duk suka miƙe.

"Tsaya nan! Daga ina? San wa?"

"Nawa."

"Takarda."

Na cire hula na miƙa. Wani dogo a cikinsu ya buɗe, ya duba, ya dube ni, ya sake dubawa. Sai ya kira ɗan'uwansa.

"Baba, a nan an rubuta wata takwas gare ka. An ce ka rage ɗaukar kaya mai nauyi."

Katin awon cikin Hinde na ɗauko. Ninkinsu ɗaya da takardar mai gari, gwangwaninsu ɗaya. Suka yi ta dariya har wani ya zauna a ƙasa. Ni ban yi ba. Da dariyar ta ƙare suka tuna aikinsu. Ga mutum da sa, babu takarda, yana ɗingishi. Suka sa na ɗage wando, suka ga tabon harsashi. Fuskokinsu suka sauya. Dogon ya hau wani dutse yana ɗaga waya sama ko zai samu mai garinmu, waya ta ƙi shiga.

Akwai wani tsohon maharbi zaune a inuwa, suna ce mashi Baba Maidawa. Bai yi dariya ba tun farko. Ya taso a hankali, ya ɗauki karkiyata ya juya ta, ya ɗora gefen hagu a wuyan Goje. Inda iccen ya lashe ya zauna daidai kan kantar wuyan. Ya kama hannuna ya duba tafin.

"Ku buɗe mashi," in ji shi. "Kun taɓa ganin ɓarawo ya saɓo karkiya? Ina na daman?"

"Shi za ni ɗaukowa, Baba."

"Allah shi ba ka sa'a. Kada magariba ta same ka a fili."

Ba ta same ni ba, amma saura kaɗan. Na isa wani gari gab da Tsaskiya ana shirin rufe ƙofa. Su sun haƙa rami sun kewaye garin duka, ƙofa ɗaya suka bari, rana na faɗuwa a ja ƙarfe. Mu ba mu yi haka ba, mu tsaro muke a kan soraye. Kuma su baƙo ba ya kwana sai wani ɗan gari ya tsaya gaban mai unguwa ya ce, "Na ɗauke shi." In baƙon ya yi ɓarna, wanda ya ɗauke shi za a kama. Bayan sallah liman ya ce ga baƙo da sa, babu takarda, wa zai ɗauka? Masallaci ya yi tsit. Ban ga laifinsu ba. Sai wani siriri mai furfura a gemu, sa'ana, ya ce, "Na ɗauke shi." Sunansa Ɗahiru.

A gidansa na ga turke biyu babu komai, ga garma rataye a bango ta yi tsatsa. Ban tambaya ba. Ya ɗaure Goje a ɗaya, ya kawo mashi harawa. Aka kawo mana tuwon dawa da miyar kuka. Su man gyaɗa suke kwararawa a kai har ya kwanta, ga yaji kamar da faɗa aka zuba.

"Ci, Malam Sada," in ji shi. "Na san ku mutanen Batsari, in babu rogo ba ku ci abinci ba. Ka yi haƙuri da namu."

"Rogon ma sa ya cinye."

Ya yi dariya. Muna ci ya ce shi ma nasa biyu aka kora, duk a rana ɗaya. Ya ce amma Allah ya dube shi, ya je Safana makon jiya ya ga ɗaya a cikin waɗanda aka ƙwato. Jibi zai karɓo shi.

Na ce, "Wane iri?"

"Fari. Idonsa baƙi kamar an zizara mashi kwalli. Sun yanke mashi kunne, sun ƙone cinyar, amma na gane abina."

Ina zaune kan tabarmarsa, hannuna cikin kwanonsa, sana ɗaure a turkensa. Na so in yi shiru har Laraba. Ban iya ba.

"Malam Ɗahiru, shi na zo ɗauka."

Ya tsaya da loma a hannu. Ya dubi Goje, ya dubi karkiya a jingine. Can ya tura mani kwanon.

"Ci tuwonka. Tuwo daban, shari'a daban."

Da safe ƙafata ta kumbura kamar turmi. Ɗahiru yana da mai kai shi a babur, amma ya ce shi ya ɗauke ni gaban mai unguwa, ba zai bar ni a hanya ba. Ya saɓa karkiyata a kafaɗarsa. Na ce ya san abin da ya ɗauka? Ya ce ya sani, icce ne. Haka muka yi tafiyar Talata, shi gaba, Goje a tsakiya, ni a baya. Mun yi maganar taki, mun yi maganar irin gero, mun yi maganar wani malamin asibiti na yankinsu da bai gudu ba duk abin da aka yi, har mata ke sa wa 'ya'yansu sunansa. Maganar sa ba mu yi ba.

Safana gari ne. Ga kwalta, ga shaguna, ga babura kamar ƙuda. Goje bai taɓa taka kwalta ba, ya riƙa ɗaga ƙafa kamar mai tsallake wuta. Yara suka biyo mu. Abin da ya ba ni mamaki, ciyawa ma a ƙulle ake sayar da ita, ruwa a leda. Na tuna tsohuwar nan. Wani mahauci abokin Ɗahiru ya sauke mu a zaurensa, ya kawo shinkafa da wake da tsire. Ya zagaya Goje sau biyu yana taɓa cinya. Na ce ya daina kallonsa haka.

Laraba da hantsi aka zauna a wani fili bayan gari. An kafa rumfa. Ga wakilin hakimi a kujera, ga sarkin shanu, ga wani Arɗo tsoho da sandarsa, ga jami'an tsaro, ga malami da Alƙur'ani a kan buzu. Mutane kuwa har kan katanga. Na ɗaure Goje a waje, na shiga.

Can cikin shanun da aka ƙwato na hango farin san. Ƙashi da fata. Haƙarƙari a waje, kaska ta cika mashi mara, kunne guntu, tozon ya kwanta. Na kira sunansa, ya ɗaga kai ya mayar. Ɗahiru ya kira nasa sunan, ya ɗaga kai ya mayar. Gaskiya ita ce a lokacin ni kaina sai da na yi shakka.

Mu uku muka tsaya a kansa. Na ukun, da aka ce ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya ce bari ya kama ruwa. Har yau bai dawo ba. Saura ni da Ɗahiru. Shi ya ce zai dafa, ni na ce zan dafa.

Sarkin shanu ya ɗaga hannu. "Kada a ba su. Duk su biyun sun yarda da abin da suke faɗa. In suka dafa, ɗaya zai halaka bai sani ba. A kawo shaida."

Ɗahiru ya kawo mutum biyu na garinsu, suka ce sansa ne. Aka juyo kaina.

"Kai fa? Takardar mai garinku?"

"Ranka shi daɗe, na baro ta gida. Katin matata na ɗauko."

Aka yi dariya. Wakilin hakimi ya ce to shaida fa?

"Tana waje a ɗaure, ranka shi daɗe."

Na fita na jawo Goje. Fili ya ɗauki dariya har jami'an tsaro. Goje bai kula kowa ba. Ya tsaya, ya buɗe hanci, ya yi wani kuka da ban ji ya yi ba tun kaka. Ramammen san ya amsa. Goje ya ja ni har gabansa ya hau lasar wuyansa.

Na ce a raina an gama. Arɗo ya girgiza kai.

"Wannan bai isa ba. Nagge na lasar wanda ba ta sani ba." Ya nuna Ɗahiru da sanda. "Naka wane gefe yake ja?"

"Hagu."

"Kai fa?"

"Dama. Wannan ne na hagu."

"To a kawo garma. Amma a fara da maganar mai hagu. Ku sa ramammen a hagu, ku sa mai ƙiban a dama."

Aka aro garma a wani gida. Aka ɗaura su yadda Arɗo ya ce, aka ba Ɗahiru. Ya kama, ya yi masu magana yadda ya saba. Ba su yi taku uku ba. Ramammen ya riƙa turo ƙugu yana neman tsallake sarƙa, Goje ya karkace, ƙafafu suka harɗe, garma ta kwanta a gefe. Ya sake gwadawa, haka. Zufa ta jiƙa mashi riga. Ba wanda ya yi dariya.

"Ku kwance su," in ji Arɗo. "Kai, ɗaga karkiyarka. Kada ka taɓa igiya, kada ka kira suna."

Na tsaya a gabansu na ɗaga ta da hannu biyu, yadda nake yi kowace safiya damina huɗu. Goje ya tako ya sa wuya a hagu. Ramammen ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har na ji wani a baya ya ce, "Ba nasa ba ne." Sai ya zagaya ta bayan Goje, a hankali, yana tangaɗi, ya zo dama ya sunkuyar da kai.

Na ɗaura. Na koma baya na kama garma, na yi masu ƙyacci ɗaya da harshe. Suka ja. Ƙasar yashi ce, busasshiya, amma kunya ta tashi miƙaƙƙiya kamar an ja zare. Da muka kai bakin katanga ban ce komai ba. Kwalli ya taka ya juya da kansa, Goje ya ba shi wuri, suka shiga ta biyu.

Ban san fili na iya ɗaukar irin wannan ihu ba. Kabbara ta ko'ina, mata a bayan katanga suna guɗa. Na tsayar da su na dafa Kwalli.

Kafin manya su ce komai Ɗahiru ya matso gaban rumfa ya durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ba nawa ba ne. Nawa bai taɓa juyawa ta nan ba. Allah ya sa ban dafa ba."

Wakilin hakimi ya ce an ba Sada sansa. Aka rubuta, na dangwala yatsa. Wani kansila ya zo ya riƙe igiya aka ɗauke mu hoto. Arɗo ya ce in ba shi kanwa da dusa, kada in cika mashi ciki da farko, kuma kada ya yi aiki in rana ta ɗaga. Da na waiga, Ɗahiru na zaune a gindin katanga shi kaɗai, yana kallon sauran shanun da babu nasa.

Na ce, "Tashi mu tafi. Kai ka ɗauke ni."

Kwalli ba ya iya doguwar tafiya, sai muka yada zango a gidan Ɗahiru. Turke biyun nan suka cika. Na sa aka bugo wa mai garinmu waya daga kan tudu a gaya wa Hinde. Muka cire mashi kaska, muka yi ta ba shi dusa kaɗan kaɗan. Kwana huɗu muna nan ruwa ya sauka, mai yawa, har ramin garin ya cika. Da gari ya waye na sauko da garmar nan daga bango na hau goge tsatsa.

"Me kake yi, Malam Sada?"

"Ina gonarka?"

"Taka na jiranka. Gida biyu gare ka."

"Na sani. Ina gonarka?"

Safiya biyu muka yi, daga asuba zuwa hantsi, muka huɗe gonar gyaɗarsa da rabin ta dawa. Matarsa ta dafa mani rogo na guzuri. Ban san inda ta samo shi ba.

A shinge dogon nan ya hango mu ya ce, "Baba, an sauka lafiya? Har biyu?" Wannan karon na yi dariya. Baba Maidawa ya taso ya dubi gefen dama ya gyaɗa kai. Tsohuwar nan ta bakin rijiya ta ja guga sau goma ba ta gaji ba.

Mun shiga garinmu da la'asar. Tun daga bakin gonaki aka tare mu, har mai gari da kansa. Ɗan'asabe ya riƙa danna hon. Hinde na tsaye a ƙofar gida ta dafa bango. Ba ta dube ni ba, Kwalli ta duba. Na cire hula na ba ta katinta, na ce an ce in rage ɗaukar kaya.

Washegari ban fara da gonata ba. Ta Haruna na nufa. Tun ranar nan ban taka ta ba, in zan wuce ma zagayawa nake. Matarsa da 'ya'yansa suka biyo ni da iri a ƙwarya. Na ɗaga karkiya, kowa ya shiga gefensa. Muka yi kunya ta fari, muka yi ta biyu. A ta bakwai muka zo daidai gindin kalgon da amalanke ya tsaya ran nan. Kwalli ya ja ya tsaya. Goje ya tsaya. Ni ma na tsaya.

Na waiga, na ga yaran a baya suna jefa iri suna takewa.

Na ce, "Mu je."

Suka ja.

Malam Nura, aje biron. Iyakar abin ke nan.